Hanyar Zama Farfesa Ba Ta Bi Ta Zakka

Cikin shekara ashirin da suka wuce Jihar Katsina ta samu jami'o'in da a da sai dai ɗan Katsina ya nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato kafin ya ga irinsu. An buɗe Jami'ar Al-Qalam a 2005, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta biyo baya a 2006, sannan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, wadda take maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Safana, inda garin Zakka yake. A jami'o'in nan ana koyar da ilimin zamantakewa da kimiyyar siyasa da tattalin arziki da gudanar da kasuwanci, kuma duk shekara ɗalibai da malamansu suna tara kundayen bincike. Wanda ya saba da irin waɗannan kundaye a jami'o'in Arewa ya san taken da suka fi yawa: tasirin albashi ga himmar ma'aikatan banki, salon shugabanci da ƙwazon ma'aikatan ƙaramar hukuma, da makamantansu. Ba laifi ba ne a yi nazarin banki. Abin da ke damuna shi ne, a yammacin jihar, daga Jibiya zuwa Batsari da Safana da Ɗanmusa, rayuwar jama'a ta sauya cikin shekara goma fiye da yadda ta sauya cikin shekara hamsin ɗin da suka gabata, kuma tsarin da malamin jami'a ke hawa a kai har ya zama farfesa ba ya ba shi wani dalilin waiwayar wannan sauyi. Ra'ayina shi ne a gyara wannan tsani, yadda wanda ya ba da shekarunsa wajen fahimtar yadda mutanen Zakka ke tsara kansu zai ci gaba a aikinsa, ba ya koma baya ba.

Akwai reshen ilimi da aikinsa ke nan, wato nazarin halayyar mutane a cikin ƙungiyoyi da ma'aikatu. Tambayoyinsa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa jagorancin mutum biyar: me ke sa a bi umarni, me ke sa a bijire, yaya amana ke ginuwa tsakanin waɗanda ba 'yan uwan juna ba, me ke raba kan ƙungiya bayan mutuwar shugabanta. Ɗaya daga cikin tushensa shi ne binciken da aka gudanar a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago a Amurka, tsakanin 1924 da 1932. Masu binciken sun zauna wata da watanni suna kallon ma'aikata, suka gano cewa ma'aikatan suna da nasu ƙa'idojin da ba a rubuta ba game da yawan aikin da ya dace mutum ya yi a rana, kuma tsoron ɓacin ran abokan aiki ya fi kwaɗayin ƙarin kuɗi ƙarfi. Darasin da ya fito daga nan shi ne, tsarin da ke kan takarda daban, tsarin da ke juya mutane daban, kuma ba a ganin na biyun sai an zauna da su. Masana'anta ce aka fara da ita domin ita ce babbar ƙungiyar da ta cika rayuwar Amurkawa a lokacin. Mu a nan, ƙungiyoyin da suka cika rayuwar talaka ba su da ofis ko rajista.

A ƙasar Safana da Batsari akwai tsohon tsarin sarauta, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, Yariman Katsina a Safana, Sarkin Ruma a Batsari, wanda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa iko amma bai rage wa nauyi ba, domin har yau ƙofarsa ake fara bugawa in an kwana da masifa. Akwai arɗo da tsarinsa a rugage, akwai dillalan kara da sarkin fawa da ƙungiyar direbobi da 'yan acaɓa, akwai gayya da adashi. A kan waɗannan, rikicin 'yan bindiga na Dajin Rugu ya haifar da sababbi: 'yan banga da 'yan sa-kai, kwamitocin da ke bi gida-gida suna tara kuɗin fansa ko kuɗin da aka aza wa gari kafin a bar shi ya yi noma, masu shiga tsakani da ke kai saƙo daji su dawo, da matan da suka tsinci kansu suna riƙe da gidaje a garuruwan da suka yi gudun hijira. Su kansu ɓarayin dajin ƙungiyoyi ne, kowace daba da ubanta da yaranta da ƙa'idar rabon ganima. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tambayoyin da suka isa digiri na uku. Wa ke yanke wa kowane gida abin da zai biya, kuma me ake yi da wanda ba shi da shi? In umarnin dagaci ya ci karo da na shugaban 'yan banga, wa matasa ke bi? Me ke sa yaro ya bar wannan daba ya koma waccan? Duk wata manufar gwamnati a yankin tana tsaye ne a kan amsoshin waɗannan tambayoyi, ko an bincika su ko an yi hasashe.

Tarihin sulhu ya nuna tsadar hasashe. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ta sake yi a 2019, gwamna da kansa ya shiga ƙauyukan bakin daji, aka karɓi makamai, aka saki fursunoni. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, kuma kafin shekarar ta ƙare, ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci wannan sata, ya ajiye makami a Zamfara a watan Fabrairun 2021, ya koma daji a watan Afrilu, aka kashe shi a faɗa da wata daba. Kafinsa, Buharin Daji da aka yi sulhu da shi a Zamfara a 2016 ya mutu a 2018 a hannun wanda a da nasa ne. Bayanin da aka fi yi shi ne ɓarawo ba ya da alkawari, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai abin da ya fi wannan amfani ga mai neman mafita. An riƙa ƙulla yarjejeniya da shugabanni kamar ana magana da janar mai rundunar da ke jin umarninsa, alhali abin da ke dajin tarin ƙungiyoyi ne masu gasa da juna, inda yaro ke biyayya muddin akwai abin rabawa, kuma uban dabar da ya daina kawo ganima yakan wayi gari yaransa sun watse zuwa wajen wani. Wannan tambaya ce ta tsarin ƙungiya tsantsa. A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Ɗanmusa da Safana sun sake zaman sulhu, wannan karon a matakin ƙananan hukumomi da masu gari. Ko mutum na goyon baya ko yana adawa, ya kamata a ce akwai masu binciken da ke bin kowace yarjejeniya wata bayan wata, suna rubuta sharuɗɗanta, da wanda ya karya, da yadda aka gyara, domin na gaba kada ya fara daga farko.

Haka abin yake a ɓangaren hukuma. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, an rufe kasuwannin dabbobi, an taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura. Wannan gagarumin gwaji ne a kan rayuwar miliyoyin mutane, kuma wajibi ne a san abin da ya yi wa ɗan kasuwar ƙauye da mai naƙuda da manomin da ke son sayar da akuya ya sayi magani, ba abin da ya yi wa ɗan bindiga kaɗai ba. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomin bakin daji. Sabuwar ƙungiya ce mai makami da aka ɗauko daga cikin al'ummar da ke da tsohon miki tsakanin manomi da makiyayi. Yadda ake zaɓen ɗan runduna, da wanda yake jin tsoro, da abin da ke faruwa in ya zalunci wani, da yadda yake zama da soja da ɗan sanda da tsohon ɗan sa-kai, su ne za su nuna ko za ta zama magani ko za ta maimaita abin da ya sa gwamnatocin yankin suka sha haramta 'yan sa-kai. Ga shi kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta tun 2006, lokacin da aka ce Safana na da mutum sama da 180,000, Batsari sama da 200,000. Bayan duk ƙaurar da aka yi, waɗannan alƙaluma ba sa nuna inda mutane suke a yau.

Irin aikin da nake kira a yi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, an taɓa yinsa har duniya ta amfana. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, tana bin gandu-gandu da rumbu-rumbu, littafinta ya fito a 1972. Ta nuna cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba kamar yadda masu tsara manufofi ke ɗauka: akwai mai ƙarfin ajiye hatsi har farashi ya tashi, akwai wanda dole ya sayar da kaka ya dawo ya saya da tsada da damina, ya kuma bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, littafinsa na 1969 ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ke tafiya bisa bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba, babu takarda babu kotu, sai maigida da dillali da mutuncin da kowa ke tsoron zubarwa. Har yau masu nazarin amana a kasuwanci suna komawa ga wannan aiki. M. G. Smith ya yi na mulkin Zazzau da na Daura. Sai namu na gida, Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974 kan sauye-sauyen ƙasar Katsina, bayan ya zaga garuruwa har Maraɗi yana sauraron dattawa. Daga wannan sani ya shiga gwamnatin Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta soke haraji da jangali a 1979. Abin da ya haɗa mutanen nan shi ne lokaci. Sun daɗe a wuri guda har mutane suka daina yi masu maganar baƙo.

Lokacin nan ne tsarin yau ya hana. Matashin da ya shiga koyarwa yana hawa mataki-mataki, daga mataimakin lakcara har babban lakcara, har farfesa, yawanci da tazarar shekara uku aƙalla, kuma a kowane mataki abin da kwamitin ƙarin girma ke ƙirgawa shi ne yawan maƙalun da aka buga a mujallu. Yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, yana duba jarabawa, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga yajin aikin da ya ci yawancin 2020 da wata takwas a 2022. A wannan hali lissafin a fili yake. In ya raba takardar tambayoyi ga ma'aikatan wata sakatariya, ya zuba amsoshin a kwamfuta, cikin 'yan makonni ya samu maƙala, wani lokaci ma ya yanka ta biyu. In ya zaɓi ya fahimci yadda gari ke tara kuɗin fansa, zai yi shekara biyu kafin a yarda a gaya masa gaskiya, ya kashe kuɗin aljihunsa, ya fito da aiki ɗaya. A gaban kwamiti na farkon ya fi maki. Abin da ya fi ban takaici, malaman da ke koyar da cewa ma'aikaci yana bin abin da ake saka masa a kai su ne suka fi kowa zama hujjar wannan darasi. Ban ga laifin matashin ba, domin yana da iyali kuma ba shi ya rubuta ƙa'idar ba.

Ita ma takardar tambayoyin aro ce. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya buga a 2008 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, kashi 68 daga Amurka kaɗai. Ma'aunin al'adu na Geert Hofstede, wanda kusan kowane ɗalibin gudanarwa ke haddacewa, an gina shi ne daga amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM, kuma a cikinsa an haɗe Nijeriya da Gana da Saliyo a matsayin yanki guda. Wanda ya ɗauki irin wannan ma'auni ya nufi gari irin Runka ko Zakka zai dawo da lambobi, amma ba zai ga kunya ba, ba zai ga girman surukuta ko nauyin rantsuwa da Alƙur'ani ba, kuma waɗannan ne ke sa mutum ya cika alkawari ko ya yi shiru a taro alhali bai yarda ba. Akwai mai cewa ilimi ba ya da ƙabila, ka'ida ka'ida ce a ko'ina. Na yarda, amma ka'ida tana samun wannan matsayi ne bayan an gwada ta a wurare mabambanta. Elinor Ostrom ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009 saboda ta tattara misalan ƙauyuka masu kula da makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa, ta rusa tsohon zaton cewa dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kai dole ta lalace. Labarin Rugu, da burtalai da mashayun da aka nome tun bayan dokar makiyaya ta Arewa ta 1965, yana da abin da zai ƙara wa wannan muhawara ta duniya. Binciken gida mai zurfi shi ne ma hanyar da malaminmu zai faɗi abin da wani bai riga shi faɗa ba.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo ita ce haɗari, kuma ba zan raina ta ba. An sace ɗalibai mata na jami'ar Dutsin-Ma a 2023, kuma babu shugaban jami'ar da zai so ya tura malaminsa inda za a dawo ana neman kuɗin fansarsa. Babu digirin da ya kai rai. Sai dai yawancin abin da ake buƙatar sani ba a cikin daji yake ba. Mutanen ƙauyukan da aka tasa suna Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina, direbobi suna tasha, dillalai suna kara, waɗanda aka sako suna gidajensu, takardun kotuna da na ƙananan hukumomi suna nan. Akwai kuma ɗalibai 'yan asalin yankin da ke zuwa gida kowane hutu, waɗanda in an horar da su kan yadda ake tambaya da rubuta abin da aka gani za su kawo abin da baƙo ba zai samu ba. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna abin yana yiwuwa, da a 2021 ya gabatar da sakamakon shekara goma da ya yi yana bincike kan dabobin Zamfara, har ya zama madogara ga 'yan jarida da masu nazari a ciki da wajen ƙasar. Abin tambaya shi ne me ya sa irin wannan ya dogara da juriyar mutum ɗaya, ba tsarin da ke haifar da goma irinsa ba.

Akwai haɗari na biyu da ba a cika ambata ba, wanda ya fi shafar mutanen gari fiye da mai bincike. A wurin da kalmar infoma ke iya sa a kashe mutum, duk wanda ya zo da littafi da biro abin zargi ne, kuma wanda ya amsa masa tambaya ya saka kansa cikin fitina. In bayanan bincike suka koma rahoton jami'an tsaro, an rufe ƙofar ga duk wanda zai zo daga baya. Saboda haka dole jami'a ta kafa kwamitin da ke tantance kowane bincike kafin a fita, a ɓoye sunaye da duk abin da zai sa a gane mai magana, a kuma bayyana wa hukuma tun farko cewa abin da za ta samu fahimtar tsari ce, ba jerin sunaye ba. Malamin da bai iya riƙe wannan amana ba gara ya zauna da takardar tambayoyinsa.

Wasu manyan malamai za su ce ƙirga maƙalu, duk da aibinsa, shi ne ya kare ƙaramin malami daga son rai, domin lamba ba ta san ɗan wane ba, amma da zarar an ce a auna inganci an ba shugaban sashe wuƙa da nama. Wannan tsoro na da tushe. Amma jami'o'inmu sun riga suna aika ayyukan mai neman zama farfesa ga masana na waje su tantance. Abin da ake buƙata shi ne a faɗaɗa wannan: mai neman ƙarin girma ya gabatar da ayyukansa uku ko huɗu mafi ƙarfi a karanta su da gaske, littafi ɗaya da ya fito daga dogon zama a fagen bincike ya samu makin da ya dace da wahalarsa, a kuma lissafa tarin bayanan da malami ya tattara ya adana don wasu su yi amfani da su. A lissafa har rahoton da aka rubuta da Hausa aka mayar wa mutanen da aka yi binciken a kansu, muddin ya bi ta hannun masu tantancewa, domin dagacin da ya ba da lokacinsa yana da haƙƙin ya ji abin da aka gano, kuma shi ne ya fi kowa iya cewa nan an yi kuskure.

Sauran maganar ta kuɗi ce, kuma ba ta kai yadda ake zato ba. Binciken zamantakewa ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko injina daga waje. Kuɗin mota ne da masauki da na'urar ɗaukar murya da alawus ɗin mataimaka, sai kuma a rage wa malami koyarwa na zango ɗaya ko biyu. Asusun TETFund yana ware kuɗin bincike ga kowace jami'ar gwamnati, kowace jami'a kuma tana da ikon gyara ƙa'idojin ƙarin girmanta ba tare da jiran Abuja ba. Gwamnan Katsina na yanzu digirinsa na uku a fannin noma da zamantakewar karkara yake, daga Jami'ar Ahmadu Bello, don haka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Gwamnatinsa za ta iya ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na uku daga ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, bisa sharaɗin binciken kowane ɗaya ya kasance kan ƙungiyoyi da cibiyoyin yankinsa, a ajiye bayanan a cibiya guda da jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma za su riƙe tare, a kuma ba su 'yancin buga abin da suka gano ko da bai yi wa gwamnatin daɗi ba. Wurin farawa shi ne yarjejeniyoyin sulhun 2025 na Safana da Batsari, tun waɗanda suka zauna a tarukan suna nan kuma suna tuna abin da kowane ɓangare ya ɗauki alkawarin yi.